Mapul ba zai zauna a Kumasi ba, amma jan ganye muna da namu

Da watan Afrilu ya kama, wayoyin mutanen unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi sukan cika da hotunan 'yan'uwa daga Toronto da Bronx da Columbus. Za ka ga mutum tsaye a ƙofar gida cikin rigar sanyi, a bayansa bishiya ta yi jajir tun daga ƙasa har sama, ko ta yi wani kore shar mai ɗaukar ido. Da yawa daga cikin bishiyoyin nan mapul ne, itacen da ganyensa ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. Wanda ke turo kuɗi ana ɗora masa bulo a Kenyasi ko Asokore Mampong, da ya ɗauki hoton sai ransa ya biya: in an gama katanga, irin wannan nake so a bakin get. Sai a ɗora wa ƙane aikin nemowa. Ƙane ya je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi ya nuna waya, mai fulawa kuwa bai iya cewa babu ba. "Alhaji, ka bar ni da shi, zan samo maka." Abin da zai samo daban, abin da ke cikin hoton daban.

Mapul ba ya rayuwa a Kumasi. Amma dalilin ya isa a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane yadda ake zaɓen itacen dashe a ko'ina, har da tsakar gidan Zango.

Dangin mapul, waɗanda masana tsirrai ke kira Acer, sun kai iri 130. Galibinsu 'yan Asiya ne, Sin da Japan da Koriya da tsaunukan Himalaya, sai wasu a Turai da Amurka ta Arewa. A nahiyarmu sai ka hau tsaunukan Maroko da Aljeriya kafin ka gan su. An fi saninsu da launin da suke yi a Oktoba kafin zubar da ganye, amma masu lambu da yawa a can sun fi ƙaunarsu tsakanin Maris da Mayu, bayan ƙanƙara ta narke. Jan mapul na gabashin Amurka yana fure tun babu ganye ko ɗaya a jikinsa, 'yan mitsi-mitsin furanni ja cunkus a kan rassa tsirara, har daji ya yi ja-ja in ka hango shi daga nesa. Yana cikin abincin farko da ƙudan zuma ke samu bayan sanyi. Na Norwe furensa ruwan ɗorawa ne mai sirkin kore. Na Japan kuwa, wanda aka fitar masa da ire-ire sama da 1,000, sabon ganyensa ake kallo: Deshojo yana fitowa ja wur, Katsura ruwan lemo, Bloodgood ja mai duhu da ke riƙe launinsa har tsakiyar shekara. Bayan fure sai 'ya'ya masu fiffike biyu, masu juyawa a iska idan sun faɗo.

Jan sabon ganye yana da aikinsa. Ganye yana jariri bai gama haɗa koren sinadarin da yake sarrafa hasken rana da shi ba, jikinsa kuma bai yi kauri ba. Sai itacen ya zuba masa wani jan sinadari mai suna antosayanin, dangin wanda ke sa zoɓo ya yi ja a kofin sobolo. Masana na ganin garkuwa ce daga ƙarfin haske, wasu kuma sun ƙara da cewa yana rage kwaɗayin ƙwari. Ganye na ƙosawa, kore ya rinjaye shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne agogon da itacen ke aiki da shi. Mapul yana ƙulla tohon baɗi tun ƙarshen lokacin zafin bana, ya lulluɓe shi da ɓawo. Da yini ya fara gajarta sai ya daina girma, ya janye abin amfani daga ganye, ya zubar, ya shiga barci. A Toronto tsawon yini yana sauka daga awa 15 da ɗoriya a Yuni zuwa kusan awa 9 a Disamba, saboda haka saƙon ba ya ɓuya. Barcin kuma ba ya yankewa don an sami rana guda mai ɗumi. Dole tohon ya tara awoyin sanyi, irin sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 7, ɗaruruwan awoyi, a wasu ire-iren ma fiye da 1,000, kafin ya yarda hunturu ya wuce. Dabarar tsira ce. Itacen da ɗumin kwana uku a Janairu ya ruɗe shi ya buɗe toho, ƙanƙarar da za ta biyo baya ce za ta ƙone shi. Wannan ƙidaya ita ke sa toho duka ya fashe kusan lokaci guda, kuma fashewar nan ita ce kyan da ake ɗauka a hoto. Hatta zaƙin da ake tatsa daga mapul mai sukari a Kebek, lardin Kanada da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha, ruwan ba ya gudana sai dare ya daskare rana ta narke, sannan a dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1.

Kumasi fa? Tazararta da layin ikwaita bai cika digiri 7 ba. Yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara, bambancinsu bai kai awa guda ba. Hunturun da ke sa mu nemi bargo da man kaɗe, yara su yi ta gudun wankan safe, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 17. A lissafin mapul, ko fara ƙidaya ba a yi ba. Wanda ya yi dabara ya shigo da dashe a jaka, shekarar farko zai ga ganye ya yi murna, alhali itacen guzurin sanyin da ya taho da shi yake ci. Guzuri na ƙarewa sai toho ya fito nan ya ƙi can, bakin ganye ya ƙone, reshe ya fara bushewa daga sama, saiwa ta ruɓe a ƙasar da ta sha ruwan Yuni ta ƙi tsanewa. Hawa dutse ma ba mafita ba ne. Abetifi da Amedzofe suna da sanyin daɗi, amma duk faɗin Gana babu tsaunin da ya kai mita 1,000. Akwai dai mapul guda da ya gangaro ƙasashen zafi har ya tsallaka kudu da ikwaita a Indunusiya, Acer laurinum. Shi ma a dazukan tsaunuka yake, kore yake duk shekara, ganyensa kuma miƙaƙƙe ne babu yatsu. Ka nuna wa boga shi, wato ɗan'uwanmu mazaunin ƙasar waje, sai ya rantse ba mapul ba ne.

Irin da ake tallatawa a intanet kuwa, asarar kuɗi ce sau biyu. Ƙwayar mapul ta Japan sai ta yi wata uku ko huɗu cikin sanyi da laima kafin ta tsiro. Ko ta tsiro, ba lalle ta ɗauko launin uwarta ba, domin masu sunan nan duka aure ake yi musu, yadda ake auren mangwaro. Hotunan shuɗin mapul da ake lulawa da su kuwa aikin kwamfuta ne. Ga kuma doka: tun dokar tsirrai da taki ta 2010, shigo da tsiro ko iri Gana sai da izinin sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma.

Ga 'yan'uwan da suka sayi gida a can suna son dasawa, nan ne zaɓe ke da ma'ana, kuma ko a can ba kowane mapul ke dacewa da kowane wuri ba. Jan mapul yana jure ƙasa mai laima. Mai sukari ba ya son gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ba ya son ƙasar da aka daddanne, don haka bakin hanya ba wurinsa ba ne. Mai azurfa, wanda bayan ganyensa fari ne, yana girma da sauri, amma reshensa na karyewa a guguwa, saiwarsa na bin bututun ruwa. Na Japan ƙarami ne, mita 3 zuwa 8, yana son ranar safe da inuwar yamma, shi ya sa ya dace da ɗan filin gaban gida. Na Norwe shi ne abin lura. An yi ta dasa shi a titunan Amurka da Kanada saboda taurin rai, sai ya tsallaka daji ya danne na gida da inuwarsa mai duhu, har jihohin Massachusetts da New Hampshire suka hana sayar da shi.

Me ya sa aka dasa shi da yawa haka tun farko? Saboda wani kuskuren da ya riga shi. Titunan garuruwan Amurka a da itacen elm ne jere, iri ɗaya tun daga farkon layi har ƙarshe. Wajen 1930 wata cutar fumfuna ta shigo, cikin shekaru ta kashe miliyoyi, unguwanni suka wayi gari tsirara. Aka maye gurbinsu da ash da mapul, su ma jere. A 2002 aka gano wani ƙwaro daga Asiya a kusa da Detroit yana cinye ash. Tun 1996 kuma wani ƙwaron mai dogayen ƙaho, wanda mapul ne abincin da ya fi so, ya bayyana a Brooklyn, da ya ɓulla a Worcester a 2008 sai da aka sare itatuwa sama da 30,000. Wani masanin itatuwa, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 na itatuwan gari, dangi na kusa kada su wuce 20, babban dangi kada ya wuce 30. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma mun ɗanɗana: cutar da ta fara kashe kwakwa a Cape St. Paul ta yankin Keta a 1932 ta bi gaɓar teku ta share gonaki, farin ƙwaron mangwaro da ya shigo a farkon shekarun 1980 kuma sai da aka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya kafin a shawo kansa.

Duk da haka, ka zaga sababbin unguwannin Kumasi ka ƙirga abin da ake dasawa. Biyu ne rak. Akwai dogon siririn nan ɗan Indiya mai ganye a rataye, wanda ake jerawa a jikin katanga. Ba ya ɓarna sosai, ba ya kuma tsinana komai, inuwar giginya ce na nesa ka sha, shi ko na nesan ma bai samu ba. Sai mai laima ɗan Madagaska, Terminalia mantaly, mai rassa hawa-hawa. Kyakkyawa ne, saurin girmansa kuma shi ke sayar da shi. Na san wani gida da aka dasa biyu a tsakar gida, taku uku daga baranda. Saiwar ta bi ƙarƙashin tayil ta ɗaga shi layi-layi, mai shara tana tuntuɓe, ƙofar get ta daina rufuwa, kwata ta tsage ruwan wanki ya koma kwanciya a gindin bango. Ƙananan ganyen kuma kullum cikin toshe indararo suke. Ranar da aka kira mai injin sara, uwargidan cewa ta yi: "Malam, da ka ji tawa da mangwaro muka sa, da yanzu ko jikoki suna sha." Itacen bai yi laifi ba. A filin makaranta ko bakin babban titi, mita 8 ko 10 daga gini, babu abin da ya fi shi.

Garin nan da labarin kafuwarsa ma na gwajin dashe ne. Asantawa suna cewa a zamanin sarkinsu Osei Tutu, bokansa Okomfo Anokye ya dasa itacen kum a wurare daban-daban, na Kumawu ya mutu, na nan ya kama, nan aka yi babban birni. Tsarin gari na 1945 da Baturen Ingila mai zanen gine-gine Maxwell Fry ya zana shi ya ƙarfafa sunan birnin lambuna da Kumasi ke taƙama da shi, sunan da faɗaɗa tituna da gine-gine a kan fadamu suka cinye mafi yawansa.

Abin da boga ke so a mapul, in an tone, itace ne mai nuna lokaci, wanda za ka dube shi ka san shekara ta juya. Muna da su. Nasu agogon sanyi ne, namu rani da damina. Kumasi tana cikin dajin da manyan itatuwansa ke zubar da ganye da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sannan ruwan farko na Maris ya tashe su. Ka tsaya kusa da mangwaro lokacin da ya yi sabon toho. Ganyen a lanƙwashe suke, laushi kamar kunnen ɗan akuya, launinsu ruwan hanta mai sheƙi, bayan mako biyu ko uku su koma ruwan tagulla, sannan kore. Sinadarin nan ne dai na mapul, aikin ma ɗaya. Gonar koko in ta yi toho har hoda-hoda take yi. Itacen kaku na dazukan yamma kansa duka ke yin ja wur da sabon ganye, mutanen Arewa kuwa sun san yadda maje da kaɗanya ke yi. Muna wuce su kullum, ba wanda ya taɓa turo mana hotonsu daga Toronto ne kawai.

In jan ganye kafin zuba ake so, ga abrofo nkate da yara ke fasa 'ya'yansa da dutse. Faffaɗan ganyensa yana rinewa ja da ruwan goro kafin ya zube, yawanci sau biyu a shekara, inuwarsa kuma ta majalisa ce. Sai dai shara, kuma shi ma saiwarsa na son fili. In fure a kan reshe tsirara ake so irin na jan mapul, dangin gurjiya na kurmi suna yin jajayen furanni manya da hunturu, haka Hildegardia barteri da ke kan duwatsun ƙasar Krobo, wanda ke yin ja dab da Kirsimeti. Ɗan Madagaskan nan mai jan fure da dogayen kwasfa, Delonix, shi ke yi wa damina maraba, amma saiwarsa a saman ƙasa take, reshensa ba shi da ƙwari, kada a ajiye mota a ƙarƙashinsa. Akwai abin dariya ma: itacen da ganyensa ya fi kama da na tutar Kanada a duk ƙasar nan shi ne wawa, wanda kafintocin Anloga da Sokoban ke yanka katakonsa kullum. Yatsu biyar zuwa bakwai, tsaf. Amma wawa yana kai mita 45, wurinsa dajin Bobiri ne da harabar jami'ar KNUST, ba fili mai ƙafa 100 da 80 ba.

Ga mai ƙaramin wuri da ya nace sai jan ganye mai yatsu, ni abin da zan ce ya nema shi ne Hibiscus acetosella, ɗan'uwan yakuwa da rama, ɗan Afirka. Ganyensa ja ne mai duhu, a tsattsage, har masu lambu a ƙasashen zafi suna sa shi a madadin mapul na Japan. Tsayinsa bai fi mita 2 ba, reshe ake yanka a soka ya kama, yana zama a tukunya, ganyen ma ana ci, da ɗan tsami. Ba ya daɗewa, sai ana sabunta shi, amma sabuntawar kyauta ce. Jan bini-da-zugu shi ma yana da wannan siffa, sai dai 'ya'yansa guba ne, gidan yara ba wurinsa ba ne.

A cikin Zango kuwa maganar ta wuce ado. Gidaje a manne, kwano na ɗaukar zafi, lungu ko kura ba ta wucewa. Abin da ake nema a nan inuwa ce: ƙofar masallaci, gaban makaranta, inda samari ke dafa ataya, inda ake kafa rumfar suna da ɗaurin aure. Dogonyaro, wanda Turawan mulki suka kawo daga Indiya a farkon ƙarni na 20, ya riƙe wannan aiki da amana, ko da yake a filayen Accra ya yaɗu har ya zama ciyawa. Maɗaci yana da inuwa mai kauri amma babba ne, masu magani kuma ba sa barin ɓawonsa ya huta. Cediya da durumi, duk da darajarsu a wurinmu, a nisanta su da rijiya da ramin masai. Akye, ɗan ƙasar nan da aka kai Jamaika ya zama abincinsu, matsakaici ne, kore duk shekara, 'ya'yansa ja a rataye, amma a ja wa yara kunne: wanda bai buɗe da kansa ba guba ne. Kafin a tambayi mai fulawa launi, a tambaye shi tsawon da itacen zai kai bayan shekara 20, a ɗaga kai a dubi wayar lantarki, a auna taku zuwa bango da sokawe. In bai sani ba, cibiyar binciken gandun daji ta FORIG tana Fumesua, kan hanyar Accra, ba nisa.

Saura lokaci. Ranar dashen itatuwa ta ƙasa da aka fara a 11 ga Yuni 2021, da burin dasa miliyan 5, ta sa mutane sun ɗauka Yuni ne watan dashe. A Kumasi gara Afrilu ko farkon Mayu, domin saiwa ta sami babbar damina cikakkiya, ta huta a ɗan tsaikon Agusta, ta ƙara da ruwan Satumba zuwa Nuwamba kafin hunturun farko, wanda shi ne ke kashe mafi yawan dashe. Sai awaki, waɗanda ba a yi musu da kara ko tsohon gidan sauro, sai bulo da aka jera da tazara ko ragar ƙarfe. Matsalar da ta fi awaki ita ce wa zai ba da ruwa a Janairu. A gidan haya ɗan haya ba ya shayar da itacen mai gida, a gidan gado kuma kowa na jiran ɗan'uwansa. Shi ya sa dashen ƙofar masallaci ya fi kamawa: in an karkata magudanar wurin alwala zuwa gindinsa, sau biyar a yini yake samun ruwa, kuma ruwan ba sabulu a ciki.